Wayar girke da na taho da ita daga Ingila ba ta ƙara a Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na dawo Jidda da zama, na taho da wayar girke mai igiya da na saya a Ingila. Kan igiyarta irin na can ne mai faɗi, ba ya shiga ramin RJ11 da ake amfani da shi a nan, sai na sayo ɗan mahaɗi a kasuwa na jona ta a bayan na'urar intanet ɗin gidan.

Idan na ɗaga ina jin sautin layi, kuma ina kiran waje lafiya lau. Amma in an kira ni, shiru kake ji, ko ƙyas. Mai kira yana jin tana shiga, in na ɗaga kuwa sai mu yi magana. Haka mahaifiyata ke ta kira daga Kano ba mu sani ba, abin yana damuna ƙwarai.

Na ƙure maɓallin ƙara, na canza igiya, duk a banza. Na aro wayar maƙwabcina na jona a ramin, nan take ta yi ƙara, ke nan layin ƙalau yake.

Wani mai gyara ya ce tsofaffin wayoyin Ingila ta sili na uku na cikin igiya suke karɓar ƙararrawa, layin nan kuwa sili biyu ne. Shin mahaɗi mai kafasita a ciki, wato ɗan ƙaramin abin lantarki da ke riƙe caji, zai sa ta yi ƙara? Na gode.