Gane tururuwar da ba a cika gani ba ta hanyar DNA

Tattaunawarmu da masu nazarin ƙwari ta fi tsayawa a kan adana samfur, kuma na ga dalili. Tururuwar da aka sha wuya kafin a samo ta, kuskure ɗaya ya isa ya lalata ta. Shawararsu ita ce a tsoma ta nan take cikin sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 95, a ajiye a wuri mai sanyi. Kada a kusanto da fomalin, wani sinadarin adana samfur, domin yana lalata DNA. Ƙafa ɗaya ake cirewa don gwaji, sauran jikin a bar shi shaida, da takardar wuri da rana.

Guntun DNA da ake karantawa don gane jinsi shi ne wanda ake kira COI, mai harufan DNA 658, hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph ya gabatar a 2003, aka kuma gwada ta a kan tururuwan Madagaska a 2005.

Masu nazarin sun ja kunne cewa idan BOLD, rumbun bayanan DNA da ake gwada sakamakon da shi, bai gane samfur ba, wannan bai nuna sabon jinsi ba ne. Wataƙila ba a taɓa shigar da irinsa ba. Sai a koma madubin ƙara girma, a duba muƙamuƙi da ƙugu, a gwada da hotunan AntWeb, shafin intanet na bayanan tururuwa.