Dan Allah masana tarihi ku warware min wannan kan yaƙin Verdun

Salam 'yan uwa, wallahi kaina ya kulle. Ni malami ne, ina shirya darasi ga ɗalibaina kan yaƙin Verdun na 1916 (wani gari a Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya), wanda sojan Jamus suka fara ranar 21 ga Fabrairu suka yi ta gwabzawa da Faransa har Disamba, kusan wata goma.

Inda na maƙale shi ne niyyar Janar Falkenhayn, shugaban hafsoshin sojan Jamus a lokacin. Bayan yaƙi ya ce tun farko ba garin yake so ba, so yake Faransawa su yi ta turo sojoji ana kashewa har ƙarfinsu ya ƙare, to amma takardar da ya ce ya rubuta wannan shirin a ciki ya miƙa wa Kaiser (sarkin Jamus) a ƙarshen 1915 ba a taɓa samunta ba, kuma in haka ne me ya sa suka dage suka kama sansanin Douaumont cikin kwana huɗu suka ci gaba har sansanin Vaux a watan Yuni suna asarar mutanensu kusan daidai da na Faransa? Har sauke Falkenhayn aka yi daga muƙaminsa a Agusta fa.

Jiya da dare na zauna da fitila da biro na cika shafi uku ina gogewa.

Sannan adadin sojojin da aka yi asara, wani wuri 700,000 wani wuri 300,000. Na ɗauka na farkon ya haɗa da masu rauni da waɗanda suka ɓace, haka ne? Litinin zan shiga aji, bana son in gaya wa yara abin da ba daidai ba.