Zazzaɓin da ba maleriya ba: wa ya taɓa jinyar yaro mai cutar Kawasaki?

Maman Hanif, Agege: Salamu alaikum iyaye. Yarona ɗan shekara 2 yau kwana shida zazzaɓi ya ƙi sauka. Mai kemis ya ba mu na maleriya, ya koma na taifot, shiru. Idanu jajur amma ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, ga kaluluwa ɗaya a wuya. Likita ta ce tana zargin Kawasaki, a yi hoton zuciya. Don Allah me ya haɗa zazzaɓi da zuciya?

Baban Khadija, Mile 12: Maman Hanif, kada ki kwana. Mu da Khadija ta yi irin wannan zazzaɓin mun ɗauka ƙyanda ce, kakarta ta hana a fita da ita. Zazzaɓin ya sauka da kansa, muka yi hamdala. Sai fatar yatsunta ta fara saɓa daga bakin farce. Da muka je asibiti an yi sati uku, hoto ya nuna jijiyar da ke ciyar da zuciya ta yi ƙulu kamar tsohuwar tayar babur. Har yau tana shan asfirin.

Anti Nas, Idi-Araba: Na yi jinyar irinsu. Cikin kowace jijiyar jini akwai siririyar shimfiɗa mai santsi, ita ke sa jini ya wuce bai daskare ba. A wannan cuta garkuwar jikin yaron ce ke harzuƙa, har yanzu ba a gano abin da ke tunzura ta ba. Shimfiɗar sai ta yi danƙo, fararen ƙwayoyin jini su manne mata, su kutsa cikin bangon jijiyar suna cin zaren da ke riƙe shi. Bango ya yi rauni, jini ya turo, wurin ya buɗe, nan kuma gudan jini ke samun mazauni. Tun 1967 Dakta Tomisaku Kawasaki na Japan ya bayyana ta. In ba magani, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyar zuciyarsa na taɓuwa. Ƙarin ruwan IVIG, wato sinadaran garkuwar jiki da ake tacewa daga jinin mutane, cikin kwana 10 na farko yana rage haɗarin sosai. Tsada kam akwai, a fara nemansa yau.

Maman Biyu, Obalende: Cutar yarona wata iri ce, ba Kawasaki ba, ta ƙananan jijiyoyin jini. Bayan mura sai ɗige-ɗige a ƙafafu da ɗuwawu, ka danna ba sa ɓacewa, ga ciwon ciki da gwiwa. A baƙar fata da ƙyar na gan su, sai da na shafa. Likitoci sun ce wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgA ne ya taru a bangon jijiyoyin. Wata shida muna kai fitsari saboda ƙoda.

Maman Hanif: Na gode, 'yan uwa. An yi hoton, jijiyoyin lafiya. An ɗaura ruwan da la'asar, kwana na bakwai ke nan. Anti, sun ce allurar ƙyanda ta gaba sai an jinkirta, haka ne?

Anti Nas: Haka ne, wata 11 bayan ruwan. Ki rubuta ranar a katinsa.