Kiristoci ne, to me ya sa 'yan Puritan suka hana bikin Kirsimeti?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina karatun tarihin Amurka, sai na ci karo da wata doka ta 1659 a Massachusetts: duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti, tarar sule biyar. Kuma wai 'yan Puritan ne suka kafa ta, mutanen da aka ce sun fi kowa riƙon addini a zamaninsu. Abin ya ɗaure mini kai. Wane irin Kiristanci ne wannan?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai riƙon addinin ne ya kai su ga haka. Tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya suke ƙorafin cewa Cocin Ingila bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba: rigunan limamai, durƙuso wajen karɓar jibi, zana alamar gicciye a lokacin baftisma, har zoben aure. Ƙa'idarsu ita ce, ibadar da ba ta cikin Littafi Mai Tsarki bidi'a ce. Suka duba, ba su ga inda aka ce an haifi Yesu ranar 25 ga Disamba ba. Ga shi kuma bikin a Ingila ya zama na maye da caca. Tun 1647 majalisar dokokin Ingila ta soke shi, lokacin da suke da ƙarfi a cikinta. Dokar Massachusetts kuwa sai 1681 aka janye ta.

Amma abin da ya fi juya rayuwarsu shi ne koyarwar malamin Furotesta John Calvin a kan ƙaddara, cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira, aiki ba ya saya wa mutum aljanna. Za ki zaci hakan zai sa su sakaci, ko? Ina! Kullum mutum yana bincikar zuciyarsa ko zai ga alamar yana cikin zaɓaɓɓu, wasu har rubuta laifuffukansu suke yi a littafi. Ranar Lahadi ba aiki, ba wasa, sai wa'azi safe da yamma.

Mai Bin Diddigi:
Malam, ka yi musu sassauci. Sun tsere daga Ingila suna kukan an takura musu, shugabansu John Winthrop ya kai su Boston a 1630, sai ga shi su ma sun hana wasu sakat. Sun kori limami Roger Williams, ya je ya kafa garin Providence a 1636. Sun kori Anne Hutchinson saboda tana tara mutane a gidanta tana sukar wa'azin limamai. Mary Dyer rataye ta suka yi a 1660 don ta bi ɗariƙar Quaker. Ba a ma zo kan Salem ba, inda aka rataye mutum 19 a 1692 bisa zargin maita.

Tsohon Malami:
Ban musa ba, ɗan'uwa, duk an yi. 'Yancin addini da suka nema na kansu ne kawai. Sai dai a ba su nasu: sun kafa kwalejin Harvard a 1636, kuma don kowa ya iya karanta Littafin da kansa, a 1647 suka wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da yara. Giya ma suna sha, buguwa ce laifi.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode Malam. To mutanen jirgin ruwan Mayflower da suka isa Amurka daga Ingila a 1620 fa, su ma cikinsu suke?

Mai Bin Diddigi:
Jagororin tafiyar 'yan gida ɗaya ne da su a aƙida, amma su sun yanke ƙauna daga Cocin Ingila, sun ɓalle gaba ɗaya, har suka fara zama a Holan kafin su wuce Plymouth da ke Amurka. Mutanen Winthrop cewa suke gyara cocin za su yi daga ciki.