Wai tramadol "mai sauƙi" ne?

Nasiru: Wallahi abin ya isa. Daga Kawo har Tudun Wada, mutum ya fito daga tiyata da takardar likita a hannu, amma ana masa kallon ɗan ƙwaya don ya nemi tramadol 50mg. Magani mai sauƙi fa!

Anti Rabi: Ƙanena, wa ya ce maka mai sauƙi ne? Aiki biyu yake yi a ƙwaƙwalwa: ya kama gurbin da morphine, maganin ciwo mai ƙarfi, ke kamawa, ya kuma hana jijiyoyi kwashe serotonin da noradrenaline, sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi. Shi ya sa ake kaffa-kaffa da shi ga mai farfaɗiya, kuma ba a wuce 400mg a rana.

Nasiru: Anti, ai hukumar lafiya ta duniya (WHO) ma a mataki na 2 cikin matakai uku na magungunan ciwo ta ajiye shi, tare da codeine.

Dakta Umar: A takarda ke nan. A jiki, hanta ke yanke hukunci. Wani sinadarin hanta, CYP2D6, shi ke juya tramadol zuwa wani sinadari da ake kira M1, wanda ya fi shi kama gurbin morphine nesa ba kusa ba. Mai hanta mai sauri numfashinsa na iya yin ƙasa, wanda tasa ba ta juyawa kuma ciwonsa na nan daram. Ka haɗa da fluoxetine, maganin ciwon damuwa, ka toshe juyawar, ka tara serotonin: gumi, makyarkyata, zazzaɓi. Naloxone, makarin magunguna irin su morphine, zai dawo da numfashi, ba zai tsayar da jijjigar da tramadol ke iya jawowa ba.

Malam Idi (harhaɗa magunguna): Ranka ya daɗe, ku da ke ta rubuta wa masu sikila allurar kashe ciwo ta pentazocine har cinya ta yi gyambo?

Dakta Umar: Wa ke sayar da ita ba takarda, Malam?

Anti Rabi: Ku bar wannan. Kar dai a yi wa wanda jikinsa ya saba da morphine allurar pentazocine, tana ture shi daga gurbin, hamma da gudawa su taso.

Malam Idi: Mu dai tramadol mai 50mg da 100mg muka sani. Mai 225 ba ta kantin mai lasisi take shigowa ba. Tun da aka hana sirop ɗin codeine a 2018 kowa ya ɗora mana karan tsana.

Admin (Malam Idi): To, jama'a, an yi ittifaƙi: tramadol ba mai sauƙi ba ne, kuma gyara daga alƙalamin likitoci zai fara.

Dakta Umar: Da wa aka yi ittifaƙin?