Shawarwari Kan Tace Ruwan Najasa a Ƙananan Garuruwan Gaɓar Bahar Maliya

Tattaunawar da wasu Hausawa mazauna Fot Sudan da Sawakin suka yi ta fi karkata ga tafkunan tace najasa, domin a wannan yanki rana tana da ƙarfi, fili yana da yawa, wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas. Ana jera tafkuna uku: na farko mai zurfin mita 3 zuwa 5 inda daskararren datti yake kwantawa, na biyu marar zurfi inda gansakuka ke samar da iskar da ƙwayoyin bakteriya suke bukata wajen cinye ƙazanta, na uku kuma inda hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara. An jaddada a shimfiɗa yumɓu ko leda mai kauri a ƙasan kowane tafki, kada najasa ta sulale cikin rijiyoyi.

Ba a amince a zuba ruwan cikin teku ba, ko da an tace shi, saboda sinadaran takin da ke cikinsa suna lalata murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, wanda kifin masunta ya dogara da shi. Gara a shayar da itatuwa da shi, tunda ruwan kwarin Arba'at, inda Fot Sudan ke samun ruwan sha, ba ya wadatar da mutane.