Ina addu'a, amma ba na jin kusancin Ubangiji

Wata 'yar'uwa daga Narayi:
Salama a gare ku. Wata shida ke nan ina tashi da ƙarfe 4 na asuba, in durƙusa a kan tabarma kafin yara su farka, amma zuciyata a bushe take, kamar babu mai saurarona. Shin Ubangiji yana kula da wanda ya riƙe aminci ko da bai ji kusancinsa ba?

Wani dattijo daga Kakuri:
'Yata, na san wannan hali. Lokacin da masaƙar da nake aiki ta rufe, na yi shekara guda ina zuwa sujada da nauyin zuciya, har na daina buɗe baki idan ana rera waƙa. Labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna 19 ne ya riƙe ni. Ya gudu har Dutsen Horeb yana kukan cewa shi kaɗai ya rage, Allah kuwa bai bayyana cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin murya mai sanyi, ya kuma sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin nan Ba'al ba.

Wata uwa daga zumuntar mata:
Ki karanta Zabura 34, musamman aya ta 18, inda aka ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya. Ki kuma faɗa wa matar fasto damuwarki, domin mu riƙa ambaton ki a taron addu'a.

'Yar'uwa daga Narayi:
Na gode, Baba da Mama. Zan sami matar fasto ranar Lahadi bayan sujada.